Kafin a Sauke Giya: Abin da Ƙarar Mota ke Faɗa wa Mai Kunne

A garejin gyaran mota, babu maganar da ke kashe wa mai mota jiki kamar a ce masa, "Alhaji, sai fa an sauke giya." Da jin haka ya san motarsa za ta kwana, za a aiki yaro kasuwa, kuma kuɗin da zai fita daga aljihunsa ba na wasa ba ne. Abin da yawanci bai sani ba shi ne an yanke wannan hukunci tun ba a saurari motar yadda ya kamata ba. Ya zo ya ce yana jin ƙara daga ƙasa, aka tayar da inji, aka taka totur sau biyu, bakanike ya kaɗa kai, aka fara neman sifana.

Giyar da aka kwance aka ajiye a ƙasa ba ta ƙara. Duk shaidar da za ta bayar, tana bayar da ita ne tana jikin mota, inji na juyawa, nauyi na kanta. Da zarar an sauke ta, shaidar ta tafi, sai a koma lalube: a canja wannan, a canja wancan, a mayar, a tayar, ƙara na nan daram. Mutane da yawa sun biya kuɗin kuloci sabo fil alhali boris ɗin cikin giya ne ya mutu. Wasu kuma sun sayi giya sukutum daga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, daga baya aka gane boris ɗin taya ne ke kuka. Minti goma sha biyar na sauraro da sun hana duk wannan, kuma mafi yawan gwajin da ake bukata direba da kansa zai iya yi, da ƙafarsa ta hagu da kunnuwansa.

Motocin da ke ɗauke da jama'ar Arewa ba yara ba ne. Golf 3 da ke jigila tsakanin garuruwa an fara ƙera ta a 1991, kuma kafin shekara ta 2000 an daina. Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, har yanzu ana cin karo da ita a hanyoyin ƙauye da lodin buhuna. Ga Sharon, ga bas ɗin Hiace, ga Hilux. Galibinsu sun gama rayuwa guda a Turai kafin su sauka a Kwatano ko Legas su fara ta biyu a nan, da fasinja fiye da kima da kaya har saman rufi. Irin wannan mota ba ta rasa ƙara. Aikin shi ne a rarrabe wadda ke gargaɗi da wadda tsufa ce kawai, kuma a san daga ina kowace take fitowa.

Abin da ke tsakanin inji da giya

Ba a gane ƙarar sai an san abin da ke juyawa da abin da ke tsaye a kowane lokaci. A bayan inji akwai babban ƙarfe mai nauyi, fulayiwil, wanda ke juyawa muddin inji na aiki. A jikinsa aka ɗaure murfin kuloci mai sifirin, kuma tsakanin su biyun aka matse faifan kuloci, kamar yadda mutum zai matse faifai tsakanin tafukan hannunsa: in ya matse, duk inda hannu ya juya faifai ya bi, in ya sassauta, faifai ya tsaya. Tsakiyar faifan tana zaune a kan sandar ƙarfe da ke shiga cikin giya, shaf ɗin shiga. Idan direba ya taka kuloci, wani boris ne ke turawa ya danne sifirin ɗin murfin, matsi ya saki, faifai da shaf su rabu da inji. Wannan boris shi makanikai ke kira rilis. A motocin da ke tura ƙafar baya akwai kuma wani ɗan ƙaramin boris ko bushin a tsakiyar fulayiwil, wanda ke riƙe kan shaf ɗin kada ya yi lilo.

To, ga inda sirrin yake. Mota na tsaye a firi, inji na silo, ƙafa ba ta kan kuloci: shaf ɗin shiga yana juyawa da haƙoran da ke tare da shi, rilis kuwa yana hutawa. An taka kuloci: shaf ya tsaya cik, rilis ya ɗauki nauyi yana juyawa. Taku ɗaya ya kashe wasu sassa ya tayar da wasu. Shi ya sa ƙafar hagu ta fi kowane kayan aiki da ke garejin amfani a wannan gwaji.

A sami wuri mara hayaniya, a bar inji ya yi zafi, a kashe rediyo da fanka, a sauke gilashi. A saurara, ƙafa ba ta kan kuloci. Idan ana jin gurnani, wani "gurrr" mara yankewa daga ƙarƙashin sandar giya, sai a taka kuloci har ƙasa a ƙirga zuwa biyar. In gurnanin ya yi ta raguwa har ya ɓace, a saki ƙafa ya dawo, to ba kuloci ba ne. Abin da ya yi shiru shi ne abin da ya daina juyawa, wato shaf ɗin shiga da boris ɗinsa, kuma suna cikin giya. Nan ne aka fi yin kuskure, domin direba kan ce, "Da na taka kuloci sai ta daina," bakanike mai gaggawa kuma ya ji an ambaci kuloci ya aika a sayo kuloci.

Idan kuwa akasin haka ne, mota shiru take sai an ɗora ƙafa, da an fara dannawa a ji "ƙiii" ko "shiii" mai bin gudun inji, a ɗaga ƙafa ta ɓace, wannan rilis ne ya bushe ko ya ci. In ƙarar ba ta zuwa a farkon taku sai ƙafa ta kai ƙasa sosai, kuma ta fi tsanani idan an saka lamba ɗaya mota na tsaye, a zargi ɗan ƙaramin boris ɗin tsakiyar fulayiwil, domin a wannan lokacin ne kaɗai inji ke gudu shaf ɗin na tsaye a cikinsa. Akwai kuma wata 'yar tsuwa, "cit-cit-cit", da ake ji ƙafa na sama, wadda ke ɗaukewa da an ɗan taɓa kuloci kaɗan. Yawanci cokalin da ke tura rilis ne ke rawa a kan mazauninsa da giris ya ƙare, ko kuma rilis ɗin na ɗan shafar sifirin saboda ba a bar wa kebur wasa ba. Ita wannan ba ta gaggawa, amma in kebur ne ya yi tsauri a gyara shi da wuri, don yana sa rilis aiki ba hutu.

Masu Golf suna da wata sa'a da da yawansu ba su sani ba. A giyar da ke cikin yawancin Golf 2 da Golf 3, wadda ake kira 020, rilis ba ya cikin kwanon da ke tsakanin inji da giya. Yana can ƙarshen giyar ta wajen taya, bayan wani ɗan murfi zagayayye, kuma wata siririyar sanda ce ke ratsa tsakiyar shaf ɗin ta kai turin ga kuloci. Ma'ana, ana cire taya a buɗe murfin a canja shi, giya na zaune a wurinta. Bakaniken da ya saba da Golf ya san wannan sarai. Wanda bai saba ba zai sa a biya kuɗin sauke giya a kan aikin da bai kai sa'a guda ba.

Sai kuma kwaramniyar nan, "kar-kar-kar", da ake ji a silo, wadda ita ma takan ɓace in an taka kuloci. Kafin a ɗora wa giya laifi, a ɗan ƙara wuta kaɗan da totur. Idan ta ɗauke da gudun inji ya ɗan ɗaga, akwai yiwuwar injin ne ba ya juyawa sumul, ko filogi ɗaya ba ya ci, ko an rage silo fiye da kima don tsimin mai, sai girgizar ta sa haƙoran da ba sa ɗauke da nauyi su riƙa karo da juna. Ƙananan sifirin da ke tsakiyar faifan kuloci, waɗanda aikinsu shanye wannan girgiza, in sun saki su ma suna kawo ta. Motocin Turai da yawa, musamman masu shan dizal, suna da fulayiwil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fito da shi a 1985. Shi in ya gaji alamarsa a fili take: "kwaram-kwaram" lokacin tayar da inji da lokacin kashe shi. Yana da tsada, kuma saka sabon kuloci a kan wanda ya mutu zubar da kuɗi ne.

Ƙurrr wajen saka giya

Ƙarar da kowa ya sani, har fasinjan da bai taɓa riƙe sitiyari ba, ita ce "ƙurrr" ɗin da giya ke yi in ta ƙi shiga. Tambayar da za a fara yi ita ce: a lamba ɗaya tak take yi, ko a duka?

Kowace lambar gaba tana da zoben tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Dabara ce tsohuwa, kamfanin Cadillac na Amurka ya fara saka ta a motocinsa a 1928, kuma kafin nan sai direba ya taka kuloci sau biyu yana daidaita gudun da totur, yadda tsofaffin direbobin manyan motoci suka iya har gobe. Zoben yana cinyewa da aiki. Na lamba biyu da na uku ne suka fi saurin tafiya, don su aka fi wahalarwa a cikin gari. Idan lamba biyu kaɗai ke ƙurrr, sauran na shiga lafiya, kuma in an saka ta a hankali ko an taka kuloci sau biyu ta shiga shiru, zobenta ne. Aikin cikin giya ne, amma mai haƙuri zai iya lallaɓawa wata da watanni.

Idan kuwa duk lambobin sun yi tauri, musamman lamba ɗaya da ribas mota na tsaye, to kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. Gwajinsa mai sauƙi ne. A kashe inji a zagaya da sandar giya: in ta shiga ko'ina sumul, a tayar kuma ta ƙi, giya ba ta da laifi. Ribas ce babbar mai ba da shaida a nan, domin a motoci da yawa ba ta da zoben tagulla. A taka kuloci har ƙasa, a jira daƙiƙa biyar, a saka ribas. In ta yi ƙurrr duk da jiran, shaf ɗin bai daina juyawa ba, wani abu na jan sa.

Ko a nan ma ba a kai ga sauke giya ba tukuna. A mota mai kebur a duba ko ya miƙe ko ya fara tsinkewa. A mai amfani da man birki a duba kofin man, sannan a taka kuloci sau biyar ko shida da sauri a gwada saka giya. In ta shiga bayan wannan famfo, iska ce ta shiga layi ko robar masta ta mutu, aikin da ake yi daga sama ba tare da an taɓa giya ba. A leƙa ƙarƙashin sitiyari, sau da yawa za a ga man na tsiyaya ta jikin sandar da ke shiga masta ya jiƙa kafet. A motoci da yawa kofi ɗaya ne kuloci da birki ke sha, don haka wanda ya ga man na raguwa kada ya tsaya yana ƙarawa kullum, a nemo inda yake zuba. Sai an kawar da duk waɗannan ne za a yi maganar faifan da ya lanƙwashe ko ya maƙale a kan shaf.

Shi kuwa kukan da mota ke yi in tana tafiya da baya, "wiii", ba ciwo ba ne. Haƙoran ribas a miƙe aka yanka su, na lambobin gaba kuma a karkace don su yi shiru. Haka aka ƙera ta.

A kan hanya

Ƙarar da ba ta fitowa sai mota na gudu tana bukatar titi mai kyau da mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na sauraro, wani lokaci daga kujerar baya. Abin da ake son sani shi ne wa ƙarar ke bi, gudun inji ko gudun taya. A kai gudun da ta fi fitowa, a wuri shimfiɗaɗɗe mara cunkoso, a taka kuloci a bar inji ya sauka silo na ɗan lokaci. In ƙarar ta sauka tare da inji, daga gaba take. In ta ci gaba yadda take, sai mota ta rage gudu take raguwa, to tana wajen shaf ɗin fita, ko aksul, ko tayoyi.

Motocin da ke tura ƙafar baya, irin su Hiace da Hilux da tsohuwar Fijo, suna da wata alama mai daɗin aiki. A lamba huɗu shaf ɗin shiga da na fita suna haɗewa su zama sanda ɗaya, ƙarfin inji ya wuce kai tsaye ba tare da ya bi ta haƙoran shaf ɗin ƙasa ba. Saboda haka bas ɗin da ke kuka a ɗaya da biyu da uku da biyar, amma ta yi tsit a huɗu, ta riga ta faɗi inda ciwonta yake: boris ɗin shaf ɗin ƙasa ko na shiga. Kuka a lamba ɗaya tak kuwa haƙoran wannan lambar ne ko ƙaramin boris ɗin da take juyawa a kai. "Kwas, kwas, kwas" mai zuwa a jere a lamba guda, wanda ke ƙara sauri da gudu, haƙori ne ya ɓalle, kuma wannan ba a tafiya da shi, domin guntun da ya karye yana yawo cikin mai yana neman inda zai shiga. Giyar da ke tsalle ta fita da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur, a fara duba robobin sandar giya da kujerun inji kafin a zargi cikinta.

Sannan ga masu shigar burtu, waɗanda suka fi kowa jawo wa giya sharri. Boris ɗin taya yana gurnani mai ƙaruwa da gudu, ba ruwansa da lambar da aka saka, kuma in an ɗan karkata sitiyari hagu da dama sautinsa yana canjawa, ya ƙaru in nauyi ya koma ɓangaren da ya mutu. Shaf ɗin ƙafar gaba da robarsa ta yage, yashi ya shiga giris ya fita, yana "kas-kas-kas" in an karya kwana ana ba da wuta. Kuros ɗin firofela yana "gwaf" lokacin tashi ko sauya giya, kujerar inji da ta tsage ma haka. Aksul ɗin baya yana kuka in an taka totur ya yi shiru in an ɗaga, ko akasin haka. Tayar da ta ci ba daidai ba tana da nata gurnanin, wanda ke canjawa da irin kwaltar da ake kai. Duk waɗannan a kunnen direba daga ƙasa suke zuwa, kuma jikin mota ƙarfe ne, yana ɗaukar sauti daga baya ya kai shi gaba.

Tsofaffin makanikai suna da dabarar da ta fi ƙarfin wannan ruɗu. Za ka ga an ɗauki doguwar sukudireba, an kafa bakinta a jikin giya, an manna kunne a kan mariƙinta. A matsa gaba kaɗan a saurara, a matsa baya a saurara. Lafiyayyen boris yana ba da sauti mai laushi mara gargada, wanda ya ci kuwa ana jin sa yana gurzawa har cikin haƙoran mai sauraro. Da haka ake nuna wurin da yatsa tun ba a kwance noti ko ɗaya ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda ake yin wannan aiki a wasu wuraren: mota a kan jak ɗaya da duwatsu, taya na juyawa, yaro na kwance a ƙasa da riga mai faɗi kusa da firofela. A yi shi a kan rami, ko a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a tare sauran tayoyin. Yaran nan amana ne iyayensu suka kawo.

Man da aka manta da shi

Kowane direba ya san ranar juyen baƙin mai. Ka tambaye shi yaushe aka duba man giya, sai ya yi shiru. Giyar Golf kusan lita biyu kawai take ɗauka, ba ta da sandar awo, ba ta da fitilar gargaɗi, kuma sil ɗin da ke bakin shaf ɗin ƙafa in ya tsufa ɗigo-ɗigo yake zubarwa, ƙura ta rufe wurin ba a lura. Lamba biyar, da take can ƙarshe, ita ce ke fara jin ƙishi. Motar da ke dogon zango daga Kano zuwa Maiduguri a lamba biyar take yini, don haka in ta fara kuka a biyar kaɗai ko tana tsalle daga ita, abu na farko da za a buɗe shi ne notin zuba mai. A mafi yawan giya man ya kamata ya zo daidai bakin ramin, mota na tsaye a wuri madaidaici. A kuma fara kwance na zubawa kafin na juyewa, don kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi buɗuwa.

A juye man cikin kwano mai tsabta a fito da shi rana. Notin ƙasa a motoci da yawa yana da maganaɗisu. Laushin baƙin gari a jikinsa ba komai ba ne, aikin shekaru ne. Ƙyalli ruwan zinariya cikin man yana nuna zoben tagulla na cinyewa. Ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke jin kaifinsa boris ne ko haƙori ke rugujewa. Man da ya koma fari-fari ruwa ya sha, abin da ke yawan faruwa da damina in an kutsa cikin ambaliya ruwa ya shiga ta hancin numfashin giya. Irin wannan man a zubar da shi a ranar, kafin tsatsa ta kama boris.

Wane mai za a zuba? Wanda maƙeran motar suka ce. Lambobin da ke jikin galan, 75W-90 ko 80W-90, kauri suke nunawa, GL-4 da GL-5 kuma irin sinadarin da ke ciki. GL-5 an yi shi ne musamman don aksul, kuma giyar da aka ce a ba ta GL-4, kamar ta Golf, zobenta na tagulla ba ya son sa, ko da yake akwai motocin da aka yarje wa kowanne. Babbar ɓarnar ita ce zuba mai mai kauri lamba 140 don a kashe ƙara. Yana rufe bakin ƙarar na ɗan lokaci, gaskiya ne, shi ya sa wasu masu sayar da mota ke son sa. Amma boris ɗin da ya ci bai warke ba, kuma da sanyin safiyar hunturu sandar giya sai an sa ƙarfi, zoben na shan wahala. Mai sayen tsohuwar mota ya gwada ta bayan ta yi tafiya mai ta yi zafi ya tsinke.

A otomatik dokar ta fi tsanani. Kukan da ke bin gudun inji, da jinkiri kafin mota ta ɗauka in an saka D, sau da yawa ƙarancin mai ne ko matatar da ta toshe famfo na jan iska. Toyota kaɗai tana da T-IV da WS, ga kuma man CVT da ba ya haɗuwa da kowanne, kuma jan launi ba ya nufin iri ɗaya ne. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna ya wuce maganar juye.

Ƙafa da aljihu

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsimin mai ya zama ruwan dare a hanya, kuma wani ɓangare na kuɗin da aka yi tsiminsu giya ce ke biya. Direban da ke gangara da kuloci a take yana gasa rilis. Wanda ke kashe inji gaba ɗaya a gangara ya fi shi haɗari: birki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, kuma a giyar da ke tura ƙafar baya shaf ɗin ƙasa, wanda shi ke watsa mai sama, ya tsaya alhali na fita na gudu a bushe. A gangara irin ta Hawan Kibo wannan ba maganar giya ba ce kuma, maganar rayukan fasinja ce. Haka jan mota a lamba huɗu ko biyar tana tafiyar hawainiya da cikakken lodi, inji na kakkarwa, yana dukan sifirin ɗin faifai da boris.

Sauran halayen tsofaffi ne. Ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya. Riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birkin hannu. Ɗora hannu a kan sandar giya, wanda ke danna cokulan ciki suna gogewa. In mota ta kafe a yashi, a yi ta gaba da baya har wari ya tashi, kuma wannan warin faifan ne ke ƙonewa. Kulocin da ya ƙare ma yawanci ba ya ƙara. A lamba huɗu a gudu kaɗan a taka totur sosai, in inji ya yi ihu mota ba ta ƙara sauri ba, yana sulɓewa. In kuma mota na karkarwa wajen tashi, a duba ko baƙin mai na zuba daga sil ɗin bayan inji yana jiƙa faifan.

Idan duk gwaji ya nuna lallai sai an sauke, to a sauke da sanin abin da ake nema. Kuɗin aikin ɗaya ne ko abu guda aka canja ko huɗu, don haka wanda ya canja rilis ya bar faifan da ya kusa ƙarewa zai sake biyan kuɗin saukewa nan gaba kaɗan. A canja faifai da murfi da rilis tare, a duba fuskar fulayiwil ko ta yi tabon zafi, a duba sil ɗin bayan inji. Giris a kan shaf ɗan shafawa ake yi, in ya yi yawa ya fantsama kan faifai.

Game da giyar kanta, an saba da cewa a sayo ta Beljiyam kawai. Wani lokaci hakan ne daidai, in kwanon ya fashe ko haƙora da yawa sun tafi. Amma giyar Beljiyam ita ma tsohuwa ce, tana ajiye a ƙasan shago ba wanda ya ji muryarta, alhali taka an san ciwonta, wataƙila boris biyu ne da sil. Matsalar ita ce masu iya buɗe giya su auna su mayar ba su kai masu saukewa da ɗorawa yawa ba, kuma aikin yana son tsabta da haƙuri, ba a yin sa a kan yashi. In an samu mai iyawa, ya cancanci kuɗinsa. In kuwa saye za a yi, a duba harufan da aka buga a jikin kwanon su dace da na tsohuwar, don giya biyu kan yi kama a ido lissafin haƙoransu ya bambanta. A juya shaf da hannu a kowace lamba, a buɗe notin ƙasa a ga maganaɗisun. A kuma yi magana da mai shago a gaban shaida kan kwana nawa ya bayar a dawo da ita in an ɗora ta yi kuka, sannan a riƙe tsohuwar a gida har kwanakin su cika.